Laftof Ya Hau, PS5 Ta Ƙi: Jona Na'urar Wasa da Kebul ɗin Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne, na zo karatu wata jami'a a Ingila, an ba ni ɗaki a hostel. A bango kusa da teburin karatu akwai ramin jona kebul na intanet. Na sayi kebul na jona laftof ɗina, na sa sunana da kalmar sirri, ya hau. Da na zare na maƙala wa PS5 sai ta ƙi, WiFi ɗin makarantar ma ta ƙi karɓarsa. Wani abokina ya ce in sayi rauta in jona a bango in ɗora komai a kanta. Kebul ɗin ne ya lalace ko na'urar? Kuma in sayi rautar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a gama karatu lafiya, a dawo gida da abin da aka je nema. Kebul ɗinka lafiyarsa ƙalau, tunda shi ne ya ɗauki laftof. PS5 ɗin ma ba abin da ya same ta. Kuɗin rautar nan kuma don Allah ka bar su a aljihu tukuna. Netwok ɗin jami'ar ya san ka, amma bai san na'urar wasanka ba, ita kuma ba ta da bakin da za ta faɗi ko ta waye. Na yi shekaru ina aikin netwok a jami'a, kuma duk farkon zango wannan ƙorafin ne ya fi cika mana tebur, saboda haka bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

Ramin da ke bangon ɗakinka ba irin na bayan rautar gida ba ne. Rautar gida duk abin da aka cusa mata karɓa take ba tambaya, don ta ɗauka wanda ya shigo har tsakar gida ɗan gida ne. A hostel kuwa, wayar da ke bayan ramin nan ta bi ta cikin silin ta nufi wani ɗan ɗaki da ke kulle a benenku. A ciki akwai akwatin ƙarfe, cikinsa da na'urar da muke ce wa suwic, mai ramuka 24 ko 48, kowane rami da ɗakin da yake yi wa aiki. Duba murfin ramin naka da kyau, za ka ga wata 'yar takarda ko rubutu mai haruffa da lambobi. Da wannan lambar ma'aikata suka san raminka. Ka ɗauke ta a hoto tun yanzu, za ka neme ta nan gaba. Daga suwic ɗin sai wayar fayiba ta kwashi komai zuwa cibiyar jami'a, daga can kuma zuwa Janet, babban netwok ɗin da ya haɗa jami'o'in Birtaniya, wanda hukumar Jisc ke gudanarwa. Wasu jami'o'in kan ba wani kamfani kwangilar intanet ɗin hostel, don haka ka fara sanin wa ke riƙe da naku, jami'a ce ko kamfani, domin ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ko wane ne dai, ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya fita daga ɗakinka da sunansu yake fita. In aka yi ɓarna su za a tuhuma, su kuma dole su iya cewa daga ɗaki kaza ne, na'urar wane ce. Shi ya sa ba a buɗe wa baƙuwar na'ura.

Hanya biyu netwok irin wannan ke bi ya tambayi mutum wane ne shi. Ko dai shafi ya buɗe a burauza ya nemi suna da kalmar sirri, ko kuma suwic ɗin da kansa ya yi tambayar tun kafin ya bar ko da harafi ɗaya ya wuce, ta tsarin da ake kira 802.1X, wanda aka fitar a shekarar 2001. A kan wannan tsarin aka gina eduroam, WiFi ɗin da na tabbata shi ka gani a makarantarku, wanda ya faro daga ƙasar Holan a 2002, yanzu yana aiki a ƙasashe sama da 100. Laftof da waya sun iya amsa wannan tambaya. PlayStation da Xbox da Nintendo Switch ba su iya ba, domin don gida aka ƙera su, inda kalmar sirri guda ta wadaci kowa. Ita PS5 ma ko burauzar da za ka buɗe kai tsaye ba ta da ita. Ka ga dalilin da ya sa ta ƙi ta kebul, ta kuma ƙi ta iska.

Mafitar da jami'o'i suka samar ita ce rajistar lambar MAC. Kowace kafa da na'ura ke shiga netwok da ita tana da lambar da aka haife ta da ita tun daga masana'anta: gurbi 12, haɗin lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, an rarraba su bibbiyu. Shidan farko na nuna kamfanin da ya ƙera. Kai za ka shiga shafin rajistar na'urori na jami'a da laftof ɗinka, ka rubuta wannan lamba, ka ce na'urar wasa ce kuma taka ce. Daga nan duk lokacin da suwic ya ga lambar zai buɗe mata, ya rubuta ta da sunanka.

A nan mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan tsaya. PS5 lambar MAC biyu gare ta, ɗaya ta kebul, ɗaya ta WiFi, kuma suna jere a allo ɗaya, ɗaya a saman ɗaya. Ka shiga "Settings", sai "Network", sai "Connection Status", sai "View Connection Status". Ka sauka ƙasa, za ka ga layi biyu; wanda aka rubuta "LAN Cable" a jikinsa shi ne naka. A PS4 yana cikin "System", sannan "System Information". A Xbox kuwa cikin saitin netwok, ƙarƙashin "Advanced settings", wanda aka kira "Wired MAC". Ina tuna wani yaro da ya zo ofishinmu sau uku cikin mako guda, ransa a ɓace, yana rantsuwa ya yi rajista daidai. A zuwa na uku na ce ya nuna mini hoton da ya kwafa daga ciki. Ya miƙo wayar, na buɗa hoton da yatsu biyu, sai ga shi layin ƙasa ya kwafa, na WiFi. Gyaran bai kai minti biyu ba, amma ya yi kwana bakwai yana zargin kebul, har ya sayi sabo. Bayan wannan, ka kula da rubutun kansa: babu harafin O a lambar MAC, duk zagayen da ka gani sifili ne, kuma B da 8 suna rikita ido daga nesa. Matsa kusa da talabijin ka ɗauki hoto, kada ka dogara da hadda.

Idan wani a hostel ɗinku mai Nintendo Switch ne, ka faɗa masa cewa mazauninta na farko, wato abin da ake ɗora ta a kai don jona talabijin, da ya fito a 2017 ba shi da ramin kebul, sai an sayi adafta ta USB; samfurin OLED na 2021 ne ya zo da ramin. Lambar da zai yi wa rajista ta adaftar ce. Haka duk mai siririn laftof da ke amfani da adafta: in ya canza adafta, a idon netwok ya zama baƙo.

Bayan rajista ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka zare kebul, ka ba shi 'yan mintuna, sannan ka mayar ka kunna. Wajen saita kebul ɗin ka bar komai a kan "Automatic". Kada ka bi masu bidiyo da ke cewa ka rubuta lambar IP (adireshin na'ura a netwok) da hannu ko ka canza DNS (mai fassara sunan shafi zuwa wannan lamba) don gudu ya ƙaru. Wannan shawarar gida ce. A jami'a akwai sabar da ke raba lambobin IP, ana kiran aikinta DHCP, kuma in ka ɗauki lamba da kanka, ko dai ka hau kan ta wani ku duka ku rasa intanet, ko suwic ya toshe ka.

In ka yi duk wannan ba ta hau ba, laftof ɗinka ne ma'aunin gwaji. Jona shi, ka duba lambar IP da ya samu. In ta fara da 169.254, to ba wanda ya ba shi, shi ya ƙirƙiro wa kansa bayan ya yi sallama ba a amsa ba. In ko alamar an jona kebul bai nuna ba, wataƙila ramin ne ba a kunna ba, domin wasu jami'o'in suna kashe ramukan da ba a amfani da su sai an nema. Wani bangon kuma ramuka biyu ne, ɗaya na tsohuwar wayar tarho, wanda ya fi ƙanƙanta. Amma tunda naka ya riga ya ɗauki laftof, wannan duk ka wuce shi.

Kan kebul ba sai na ja ba. Cat5e ko Cat6 sun ishe ka, kowannensu na ɗaukar gudun gigabit guda (megabit 1,000) a daƙiƙa har tsawon mita 100, kuma ramin PS5 ɗin iyakarsa ke nan. Masu tsada da ake tallata wa 'yan wasa ba abin da za su ƙara maka. Abu ɗaya dai ka sani: siraran wayoyi 8 ne a ciki, gigabit na buƙatar dukansu, megabit 100 kuwa 4 kawai yake amfani da su. Shi ya sa kebul ɗin da ƙafar kujera ta murƙushe kan ci gaba da aiki amma gudunsa ya koma kashi ɗaya cikin goma. Wasa mai gigabayit 100 zai sauka cikin kamar minti 13 a kan cikakken gigabit, amma a kan megabit 100 sai ya haura awa biyu.

Yanzu ga maganar rauta, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Na san abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Wani dare cikin makon jarrabawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, waya ta dame ni: hostel guda, bene uku, intanet ya ɗauke. Na je na buɗe akwatin suwic, fitilu duk kore suna ƙyaftawa, fayiba lafiya. Na karɓi laftof ɗin wani ɗalibi a bakin matakala, sai na ga lambar IP ɗinsa ta fara da 192.168, alhali namu da 10 suke farawa. Nan na gane akwai wani mai raba lambobi da ba mu muka naɗa shi ba. Na bi sawun lambar MAC ɗinsa a cikin suwic har ta kai ni rami guda, na duba takardar ramuka, na samu lambar ɗakin, na hau na ƙwanƙwasa. Yaron ya buɗe da littafi a hannu, bai san komai ba. A kan ƙaramin firjinsa ga sabuwar rauta, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba, kebul ɗin bango an cusa shi a ɗaya daga cikin ramuka huɗu masu ruwan ɗorawa maimakon shuɗin rami guda da ke gefe. Kuskuren rami ɗaya ke nan. Rautar ta ɗauka duk hostel ɗin gidanta ne, tana amsa wa duk mai neman lamba kafin sabarmu ta amsa, saboda ta fi kusa, tana kuma ce musu ta wurinta za su fita, alhali ba ta da hanyar fita. Ina zare kebul ɗin, cikin 'yan mintuna mutane suka fara dawowa. Har yau ina tuna fuskar yaron da ya gane cewa shi ne ya hana 'yan'uwansa karatu a daren jarrabawa.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato a yi wa kebul zobe: bakinsa biyu duk su shiga netwok ɗaya, kamar a haɗa ramukan bango biyu da juna. Saƙon Ethernet, wato na netwok ɗin kebul, ba shi da wa'adin mutuwa, sai ya yi ta zagayawa yana ninkuwa har suwic ya shaƙe. Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ita ta ƙirƙiro maganin wannan a 1985, kuma har yau a kan aikinta muke. Suwic na zamani sun koyi kare kansu daga duka biyun: da sun ji ƙanshin baƙon mai raba lamba ko zobe, sai su toshe saƙonsa ko su rufe ramin ɗungurungum. Kenan a jami'arku mai yiwuwa ba za ka kashe wa kowa intanet ba, naka ramin za a kashe, kuma ba zai dawo ba sai ma'aikaci ya buɗe da hannunsa, bayan ya tambaye ka me ka jona.

Ko da ka jona ta daidai a shuɗin ramin, ban ba ka shawara ba. WiFi mai zango 2.4 GHz hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, kuma injiniyoyin ginin sun riga sun raba su tsakanin na'urorin da ke silin. Taka rautar za ta shigo tana ihu a tsakiyarsu, maƙwabtanka su rasa dalilin da ya sa nasu ke yankewa. Sannan duk wanda ka ba kalmar sirrinta, abin da ya aikata da sunanka za a rubuta. Galibin jami'o'i ma sun haramta ta a takardar dokokin da ka amince da ita ranar karɓar ɗaki. Haka dabarar ara wa na'urar wasa lambar MAC ta laftof, wadda Xbox ke da gurbinta a saiti, ko raba intanet daga laftof zuwa gare ta. Suna iya aiki na ɗan lokaci, amma a idon masu tsaron netwok kamar shiga da katin shaidar wani ne, kuma ba ka da buƙatarsu tunda ga hanyar rajista a buɗe.

To rami ɗaya, na'ura biyu, ya za a yi? Ni dai abin da zan ce, ka ba PS5 kebul, laftof ya zauna a eduroam. Wasan intanet ba ya cin data mai yawa, abin da yake so shi ne saƙo ya je ya dawo a kan lokaci, kullum ba canji. WiFi iska ce da ɗaruruwan na'urori ke rabawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi shiru kafin ya yi magana, shi ya sa da daddare za ka buga ƙwallo ɗan wasanka ya daskare na rabin daƙiƙa. A kebul, daga ɗakinka zuwa suwic kai kaɗai ne a hanya. Karatu da kallon lacca kuwa ba sa jin wannan ɗan jinkirin. In lallai kana son duka biyun a kebul, ka tambaya ko sun yarda da ƙaramin suwic mai rami biyar, wanda ba ya raba lamba kuma ba ya watsa WiFi. Wasu sun yarda, wasu kuma lamba ɗaya tak suka ƙayyade wa kowane rami. Duk lokacin da ka jona laftof mai Windows a bango, ka zaɓi "Public network", don kada fayilolinka su bayyana ga sauran ɗakuna.

Saura abu ɗaya da na san zai dawo da kai wurina. Bayan ta hau, za ka yi gwajin haɗi ka ga an rubuta "NAT Type 3", ko "Strict" in Xbox ce. Asalinsa shi ne lambobin IP na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma rumbun duniya da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka ake tara dubban na'urori a bayan 'yan lambobi kaɗan, wannan shi ne NAT. Ka ɗauke shi kamar babban gida mai zaure ɗaya. In ka aiki yaro waje, mai gadi ya ga fitarsa, zai bar shi ya dawo da amsa. Amma in baƙo ya yi sallama ba tare da an aika masa ba, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Wasannin da ke haɗa 'yan wasa ta sabar kamfani ba su cika damuwa da wannan ba. Waɗanda ke haɗa na'ura da na'ura kai tsaye, da hirar murya, su ne ke wahala, musamman in ku biyun duk nau'i na 3 gare ku. A gida ana gyara shi a cikin rauta. A jami'a makullin zauren ba a hannunka yake ba, kuma ƙara taka rautar zaure na biyu ne a cikin na farko, ya ƙara tsananta. Abin yi shi ne ka tambayi ma'aikata. Jami'o'i da dama sun ware wa na'urorin wasa sashe na musamman mai sassauci, kuma sau da yawa zaɓen "na'urar wasa" a shafin rajista shi ne ke jefa ka can.

In kuma burinka ka riƙa bugawa da abokanka na Kano ko Kaduna, ka rage tsammani tun yanzu, don nan ba laifin jami'a ba ne. Haske a cikin fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar ƙarƙashin teku ta Glo-1, daga Ingila zuwa Legas, tsawonta kusan kilomita 9,800 ne. In ta irin wannan hanya saƙo ya bi, zuwa da dawowa kaɗai sun kusa cinye kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin a lissafa Legas zuwa Arewa da layin wayar da abokinka ke amfani da shi. Kebul zai sa jinkirin ya tsaya wuri ɗaya ya daina tsalle, kuma wannan ma ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai wasa, amma nisan yana nan.

Idan ka yi rajista, ka jira, har gobe ba ta hau ba, ka rubuta wa ofishin taimako na sashen kwamfuta. Kada ka ce musu "intanet ba ya yi" kawai, don irin wannan saƙon sai an yi ta kai da komo kafin a fara aiki. Ka rubuta sunan hostel da lambar ɗaki, lambar nan ta jikin murfin rami da na ce ka ɗauka, lambar MAC ta kebul tare da hoton allon, lambar IP da na'urar ta samu ko ka ce ba ta samu ba, da ranar da lokacin da ka gwada. Ka ƙara da cewa laftof ɗinka ya hau ta wannan ramin da wannan kebul ɗin. Mai wannan bayanin a hannu, daga kujerarsa zai shiga suwic ya ga abin da ya faru da raminka a daidai wannan mintin, kuma yawanci ko zuwa ɗakinka ba sai ya yi ba. In sun ba ka amsar da ba ka gane ba, ka turo mini ita yadda take mu duba tare.